Mangwaron da Malam Bawa Ya Fitar daga Bokiti

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ina kasuwar Tsanyawa, a wajen 'yan tumaki, hannuna a kan bayan wani rago da nake tayawa don sunan jikana, sai wayata ta yi ƙara. Ɗana Nasiru ne. Bai tsaya gaisuwa yadda ya saba ba. Ya ce, "Baba, bar ragon nan ka taho gida. Baban Luba ya cika." Na ce wane baban Luba, alhali Luba ɗaya na sani, matarsa, mai jegon da ke ɗaki a gidana, kuma uba ɗaya gare ta. Mai ragon yana ta yabon ƙibar dabbarsa, ni kuwa ban ƙara jin komai ba. Na saki ragon na nufi tasha. A cikin bas ina kallon gero ya fara fitar da kai dama da hagu, ina tunanin gona guda ɗaya da mai ita ba zai ga girbin bana ba.

Malam Abdullahi, wanda duk ƙauyenmu ya sani da Malam Bawa, aminina ne, kuma mahaifin surukata. Tari ya dame shi tun farkon damina, ya sha magani ya ce ya ji sauƙi. Ranar ya dawo daga gona, ya yi Azahar, ya kishingiɗa a zaure, bai tashi ba. Muka yi masa sutura, muka kai shi maƙabartar da iyayenmu suke kwance.

Ni da furfura na koyi rubutu, a ajin yamma na manya, don haka kada a nemi gwaninta a wajena. Amma an yi wasu maganganu a garin nan cikin makon rasuwarsa, kuma ina so amsarsu ta zauna a rubuce, jikanmu ya tashi ya karanta.

Shekarun baya Malam Bawa ya iso mana daga wani ƙauye na ƙasar Zamfara, bayan 'yan bindiga sun ƙone garin, sun kore dabbobi, sun kashe babban ɗansa a bakin rumbu. Ya zo da matarsa Hajara, da 'yarsa Luba, da ƙannenta biyu. Mai unguwa ya ara musu wani tsohon gida a ƙarshen gari. An taimaka musu da hatsi da tabarmi, wannan gaskiya ne. Gaskiya ne kuma cewa idan ya wuce, hira takan tsaya. Ba a kiransa da sunansa, sai a ce ɗan gudun hijira, kamar shi ne sunan da aka raɗa masa. Ƙasarmu kuwa a cike take. Gona tana manne da gona daga nan har Kunci, babu dajin da baƙo zai sare ya ce nasa ne. Mutumin da ya taɓa cika rumbu uku ya koma yin ƙwadago a gonakin mutane, kansa a sunkuye.

Malam Tijjani, wanda yake koya mana karatu a ajin yamma, shi ya fara tara mu. Ya je wata bita a Kano, ya dawo ya ce mutanen da suka gudo ba abinci kaɗai suke buƙata ba, suna buƙatar wurin da za su yi magana a saurare su. Sai ya sa duk ranar Laraba bayan La'asar a ajiye allo da alli, a shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawar da ke bayan makaranta, 'yan gari da waɗanda suka gudo su zauna tare. Dokokin zaman ba su da yawa. Ba a katse mai magana. Ba a tambayar kowa abin da ya same shi, sai in shi ya ga dama. Abin da aka faɗa a kan tabarma kuma a nan yake kwana. Mutanen gari suka sa mana suna 'yan Laraba, da nufin ba'a, mu kuwa muka karɓa. Abin da zan faɗa daga zaman nan, Malam Bawa da kansa ya daɗe da faɗarsa a bainar jama'a, don haka ban karya doka ba.

Da farko Malam Bawa ba ya hawa tabarma. Akan wani dutse yake zama a gefe, fuskarsa tana kallon hanya, takalmin robarsa a ƙafa. Akwai Ado tela a cikinmu, mutum ne da bakinsa ba ya hutawa. Wata rana ya ce, "Malam Bawa, wai takalmin nan da shi aka haife ka ne?" Malam Bawa ya ɗago ya ce, "Mi kac ce?" da irin Hausarsu. Wasu suka yi dariya. Ya mayar da fuskarsa hanya. Amma bai daina zuwa ba. Ko ruwa ake yi, za ka hango shi a kan dutsen da buhu a ka.

Ranar da ya buɗe baki babu wanda ya tambaye shi. Wani ne ya gama ba da labarin yadda ya rasa shagonsa, sai muka ji murya daga gefen dutse. Ya ce ranar da aka shigo garinsu ya tuɓe takalmi ke nan a ƙofar ɗaki. Da ƙafa tsirara ya gudu, ƙaramin ɗansa a kafaɗa, cikin ƙaya da kututturen dawa, har sai da tafin ƙafarsa ya zama nama. Tun daga nan, in ji shi, ba ya rabuwa da takalmi sai don alwala da salla, kuma ko a sahu yana gabansa inda hannu zai kai. Ya gama maganarsa. Sai Ado tela ya tashi, ya je ya saka nasa takalmin, ya dawo ya hau tabarma da shi ya zauna. Na tashi na saka nawa. Kowa ya saka. Ado ya buga tabarmar ya ce, "To, ga wuri, yanzu duk ɗaya muke." Malam Bawa ya hau.

Haka muka riƙa zama da takalma a kan tabarma, masu wucewa suna cewa 'yan Laraba sun zautu. Sai wata Laraba ya dubi tabarmar, duk ta yi taɓo, ya ce, "Kai, Kanawa! Kun ɓata tabarmar mutane. Ku tuɓe." Ya fara tuɓe nasa, ya ajiye a bakin tabarma, ya miƙe ƙafafu. Ranar na fara ganin haƙoransa.

Daga nan mutumin da aka rufe a cikinsa ya fara fitowa. Ashe mai barkwanci ne, mai gardama kuma, ba ya barin magana ta wuce shi. Ya daina ɓoye Hausarsa. Idan Ado ya kwaikwaye shi, sai ya ce, "Koyi da kyau, tela, kana ɓata ta kamar yadda kake ɓata wuyan riga." Ya shiga ajin yamma, muka zauna benci ɗaya, ni da shi muna kokawa da baƙaƙe kamar yara. Sabon baƙo idan ya zo zaman ya maƙale a gefe, shi ne zai tashi ya koma kusa da shi, ba zai ce masa komai ba, zama kawai. Yakan ce, "Wanda ya gudo ba tambaya yake so ba, kafaɗa yake so kusa da tasa."

Akwai shekarar da aka sace shanu a wani ƙauye kusa da mu, sai magana ta fara yawo cewa a lura da baƙin nan, wataƙila su suke kai rahoto. Da a farkon zuwansa ne, da ya shige gida ya rufe ƙofa. Amma ranar Juma'a bayan an sallame, ya miƙe a ƙofar masallaci, mu 'yan Laraba muna tsaye a bayansa. Ya ce, "Jama'a, na ji abin da aka ce. Wanda ke son sanin abin da ke tsakanina da ɓarayin daji, ya zo in nuna mashi tafin ƙafata. In bai ishe shi ba, in hwaɗa mashi inda kabarin ɗana yake." Babu wanda ya fito. Maganar ta mutu a wurin.

Ni na ara masa gona, wani yanki daga rabona na gado, wanda ya yi iyaka da gonar ƙanena Garba. Kowa a ƙasar nan ya san hukuncin gonar aro. Ka shuka gero, ka shuka wake da gyaɗa, abin da za a girbe a shekara a tashi. Amma ba a dasa itace. Itace yana daɗewa fiye da mai dasa shi, kuma wanda ya dasa itace a gona ya ce gonar tasa ce. Shekarar farko ko taki bai kai ba, ya ce wa zai ciyar da ƙasar da gobe za a ce ya tashi. Shekara ta biyu muka yi masa gayya, muka yi ta jigilar taki da jakuna da mangala. Ya tsaya yana kallon tsibin takin, ya ce, "Ashe gona ba ta tambayar mutum garinsu, taki take tambaya." A wannan shekarar Nasiru da Luba suka daidaita kansu. Da muka je neman aure, na zaci zai ce ai kun fi ƙarfin tambaya. Ina! Sai da ya titsiye Nasiru a kan sana'arsa da sallarsa, har yaron ya yi gumi. Na dawo gida ina murna, don na ga mutumin da ya san darajar gidansa.

Sai maganar bokiti. Ya je Bici ya sayo dashen mangwaro, ɗan ƙarami, ya rasa inda zai sa. Gidan da yake ciki na aro ne, gonar ma ta aro. Sai ya samu tsohon bokiti ya cika da ƙasa ya dasa a ciki. Yana ba shi ruwa safe da yamma, yana kare shi daga awaki. Ado ya sa masa suna mai gonar bokiti. Mangwaron ya yi ta girma har saiwarsa ta huda gindin bokitin tana neman ƙasa. Duk lokacin da ta fara kamawa, sai Malam Bawa ya ɗaga bokitin ya canza masa wuri, don kada itacensa ya kafu a ƙasar wani ba da izini ba. Fiye da shekara yana wannan aikin.

Wata Laraba a farkon damina, muna zaune sai ga shi da bokitin a ka. Ya dire shi a tsakiyar tabarma, ya tsaya a tsaye. Ya ce, "Wanga icce ya gaji da bokiti, ni ma na gaji. Gudu kam na gama shi. Ku hwaɗa mani inda za ni sa shi, ko in sare shi yau ku gani." Ba roƙo ya yi ba. Magana ya yi irin ta ɗan gari da yake neman a ba shi amsa. Kowa ya san abin da yake tambaya, kowa kuma ya juyo ya dube ni.

Na ce a kawo dagi. Muka ɗunguma zuwa gonar gaba ɗayanmu. Ban haƙa a bakin iyaka ba, a tsakiya na haƙa, da hannuna. Ya ce, "Malam Sule, ka san abin da kake yi?" Na ce, "Na sani. Daga yau ba aro ba ce. Na ba ka, duniya da lahira, ga shaidu." Na zaci zai yi kuka ko ya yi ta godiya. Sai ya leƙa ramin ya ce, "To ƙara zurfi, mangwaro ba gyaɗa ba ne." Ado ya fasa bokitin don saiwa ta fita lafiya, Malam Tijjani ya zuba ruwan farko, sauran suka tattake ƙasa.

Larabar da ta zama ta ƙarshe a gare shi, muna kan tabarma waya ta shigo cewa Luba ta sauka lafiya, namiji. Jikana na fari ta wajen Nasiru, shi kuma jikansa na fari a duniya. Muka tashi mu biyu, tsofaffi, muna rige-rige kamar yara, yana cewa shi zai fara ɗauka, ina cewa ai a gidana aka haifa. Sai da muka isa, ya karɓi jaririn ya yi masa addu'a a kunne, sannan matata ta dubi ƙasa ta ce, "Malam, ina takalminka?" Ya duba. Tun daga gindin ɗorawa har gidana da ƙafa tsirara ya zo, bai sani ba. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, "Bar su can, wa zai kore ni?"

Wannan tambayar tasa ce aka so a amsa bayan ya kwanta dama. Ranar sadakar uku, a zaure cike da mutane, ƙanena Garba ya ce, "Yaya, idan Hajara ta fita takaba, an cire amfanin bana, gonar ta dawo gida ke nan ko? 'Ya'yanmu suna yawa, ƙasa ba ta ƙaruwa. Mutumin nan, Allah Ya ji ƙansa, ba a nan aka yanke masa cibiya ba." Wasu suka gyaɗa kai. Garba ƙanena ne uwa ɗaya uba ɗaya, kuma ƙuncin ƙasa da ya faɗa ba ƙarya ba ne. Amma kafin yamma maganar ta shiga cikin gida. Matata ta je ta tarar da Hajara, mace mai takaba, tana ƙulle tukwanenta a zane. Abin da Hajara ta tambaya kawai shi ne, ko za a bar ta ta gama takaba kafin su tashi. Ina za ta? Garinsu toka ne. Wannan ya fi mutuwar kanta ƙona mini rai. Na aika wa Garba cewa ya zo zaman Laraba, na kuma gayyaci mai unguwa.

Larabar ita ce ranar suna. Wasu sun ce a yi shi a ɓoye saboda rasuwa. Na ce a'a. Wanda ya yi gudun murna ba takalmi saboda yaron nan ba zai so a raɗa masa suna kamar abin kunya ba. Aka yanka rago, aka raba goro, liman ya ce sunan yaro Abdullahi. Ina cikin makoki, amma ba zan yi wa Allah butulci ba, farin cikin da nake ciki ban taɓa jin irinsa ba. Yaro ne jawur mai ƙarfin murya, ya riga ya ƙwace mini mata, ko abincina ba ta tunawa. Ado ya buɗe zanen ya ga ƙafafunsa, ya ce, "Wannan ƙafar kakansa ce sak. Kada wanda ya saya masa takalmi, ba inda za shi."

Bayan La'asar ba mu shimfiɗa tabarma a gindin ɗorawa ba. A gonar muka shimfiɗa, kusa da mangwaron, wanda yanzu ya fi ni tsawo. Garba ya faɗi tasa duka, ba wanda ya katse shi, don dokar zama ta hau kan kowa. Da ya gama, mai unguwa ya ce, "Garba, tun tasowarka, ka taɓa ganin an dasa itace a gonar aro?"

Ya ce, "Ban taɓa ba."

"Wannan da muke zaune kusa da shi fa?"

"Mangwaro ne."

"Wa ya haƙa raminsa?"

Na ce ni ne, mai gonar. Ado ya ce shi ya fasa bokitin. Malam Tijjani ya ce shi ya zuba ruwa, kuma ya ji lafazin kyautar da kunnensa. Ɗaya bayan ɗaya 'yan Laraba suka faɗi abin da hannunsu ya yi ranar, 'yan gari da waɗanda suka gudo, murya ɗaya. Mai unguwa ya ce, "Kai kana ina ranar?" Garba ya ce yana gonarsa, ya hango. "Ka hana?" Ya ce bai hana ba. Mai unguwa ya ce to gona ta magadan Malam Bawa ce, magana ta ƙare.

Ni kuwa da sauran tawa. Na fito da gashin askin suna da wanzami ya ba ni da safe, a ƙulle a ƙyalle. Na ce, "Garba, ka ce ba a nan aka yanke masa cibiya ba. Gaskiyarka. Amma a nan aka yanke ta jikansa, wanda jikanka ne kai ma. Ƙasar nan ta karɓi gawarsa ba ta tambaye shi garinsu ba, ta karɓi saiwar itacensa. Kai ne za ka fi ƙasa?" Na tona gindin mangwaron na binne gashin. Garba ya tashi ya tafi, har yau bai leƙo ni ba. Ƙofata a buɗe take gare shi kullum. Maganar gona kuwa a rufe take, kuma duk mai shirin tayar da ita bayan raina ya sani 'yan Laraba suna da yawa, suna da 'ya'ya.

Na aika matata ta ce wa Hajara ta kwance kayanta. Ta dawo da amsa. Ba godiya ta aiko da ita ba, ita ma ta koyi halin mijinta. Cewa ta yi a faɗa wa 'yan Laraba, idan rani ya shiga a yi wa mangwaron shingen ƙaya saboda awaki, haka Malam yake yi. Mun karɓi aikin. Takalminsa kuwa yana wajen Malam Tijjani, duk Laraba yana ajiye shi a bakin tabarma, inda mai shi ya bar shi.

Ya Allah, bawanKa Abdullahi ya zo maKa. Ka ga gudun da ya yi, Ka ga haƙurin da ya yi. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haɗa shi da ɗansa da aka kashe a gidan da ba a korar kowa. Ka ba Hajara da Luba da ƙannenta haƙuri da dangana, Ka sa albarka a gonarsu. Ka sanyaya zuciyar ɗan'uwana Garba, Ka buɗa wa 'ya'yansa ta inda bai zata ba. Ka mayar da zaman lafiya garuruwan da aka ƙone. Ka raya mana ƙaramin Abdullahi, ya girma ya sha mangwaron kakansa a inuwarsa, ƙafarsa a miƙe. Mu kuma idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani. Amin.